Yadda Na Biya Alhaji Mishmish Ɗinsa

A shekarar da rana ta yi husufi a ƙasar nan ne Alhaji ya ba ni amanar bishiyarsa. Ina tuna ranar husufin sarai, domin muna bakin aiki a wani babban sito da ke kan titin Wendover, inda muke loda kaya a manyan motoci. Bayan azahar manaja ya ba mu hutun rabin awa, kowa ya fito filin ajiye motoci da tabarau na kwali a fuska, ana ta ɗaga kai sama. Haske ya dusashe kamar an rage lagwanin fitila, zafi ya sauka, tsuntsaye suka yi tsit. Mu Musulmi biyar da ke wurin muka koma gefen wata tirela, muka shimfiɗa kwalaye muka yi salla. Ni na ja, Alhaji yana bayana. Da muka sallame rana ta fara dawowa, sai ya ce shi yau ya ga ikon Allah, an karɓi roƙon Bakano ba tare da an tsaya ciniki ba.

Haka muke da shi. Mutumin Damagaram ne, ni kuwa na Kano, kuma tun kakanni akwai wasa tsakanin garuruwan nan biyu. Ya girme ni da shekara bakwai. Duk jama'ar masallacinmu na Greensboro Malam suke ce mini, saboda nakan yi wa manya karatu ranar Lahadi. Shi kaɗai ne bai taɓa kirana haka ba. Bawana yake ce mini, a gaban kowa, har a gaban 'ya'yana. Ni ma ban bar shi ya huta ba a kan Faransancin da yake cusawa cikin Hausa, da dogon burodin da yake zuwa da shi aiki a hammata kamar sanda. A garin da kowa zai yi maka murmushi ya wuce, samun mutum ɗaya da zai zage ka da safe don ƙauna ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Bishiyar ta mishmish ce. Wanda ya je Makka ya san busasshensa, amma ɗanyen ɗan itace ne mai girman ƙwan kaza, launinsa kamar gwaiduwa, fatarsa da ɗan laushin gashi, ƙwallo ɗaya a ciki. Alhaji abriko yake ce masa. Yana saurayi ya yi shekara huɗu yana aiki a gonar wani Balarabe a cikin duwatsun Aljeriya, kuma a can ya ci shi a gindin uwarsa, da ɗumin rana a jikinsa. Ya ce tun daga nan bai sake cin na gaske ba. Na kantunan nan, in ji shi, kamar ka jiƙa auduga ka tauna ne. Don haka ya yi odar wani iri da aka samar can ƙasar sanyi wajen Kanada, wanda aka ce yana jure hunturu komai tsananinsa. Ya zo masa a kwali, sanda ce kawai da 'yan saiwoyi. Ya dasa ta a rabin durom na roba, ya ajiye a barandar gidan hayarsa, ya yi shekara uku yana lallaɓa ta. Shekarar da ke tafe ce yake sa ran ganin 'ya'yanta na farko.

Wata biyu bayan husufin aka yi masa waya cewa mahaifiyarsa tana kwance. Ni a lokacin ban daɗe da samun ɗan gida mai fili a baya ba, can gefen Sedgefield. Kwana biyu kafin tafiyarsa ya zo da durom ɗin a bayan a-kori-kurarsa, muka sauke shi a tsakar gida. Ya ce in bar ta a waje, kada in ba ta ruwa sai ƙasa ta bushe, kada in matsar da ita.

"Aikin da na ba ka shi ne ka yi zamanka, bawana," in ji shi. "Na san zama ba saye ba sayarwa yana yi wa Bakano wuya, amma ka daure."

Na daure har ƙarshen Disamba. Ganyenta ya zube, ban damu ba, domin ko a gida mun san itatuwa masu zubar da ganye. Amma farkon Janairu aka yi wani sanyi da ban taɓa ganin irinsa ba tun zuwana. Ruwan da ke cikin butar da na manta a waje ya zama dutse, butar ta tsage. Na tsaya a taga ina kallon bishiyar Alhaji tsirara a cikin iska, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ni ɗan manomi ne. Mahaifina yana da lambu a fadama, kuma abin da na tashi na gani shi ne ƙaramar shuka ana kāre ta, a yi mata rumfa, a kewaye ta da ƙaya. Na ce wannan amana ce, kuma mai ita yana can yana jinyar uwa, bai san irin sanyin da ya sauko ba. Hajiya, uwargidana, ta tuna mini cewa mutumin nan ya ce kada a taɓa. Na ce mata da yana nan da kansa zai ɗauke ta.

Muka ja durom ɗin zuwa ɗakin wanki, kusa da inda hita take hura ɗumi. Kowace safiya idan na gama alwala nakan juye mata ragowar ruwan ɗumin. Cikin mako uku ta fara toho, ta fitar da furanni farare masu ɗan ja-ja a gindi, ana tsakiyar sanyi. Na yi murna ƙwarai, har na kira maƙwabta 'yan uwanmu su zo su gani. Furannin suka zube ba su ƙulla komai ba. Ganyen ya fito dogo-dogo, fari-fari, kamar na wanda ya daɗe a asibiti. Da aka sami 'yan kwanakin ɗumi a ƙarshen Fabrairu sai na fitar da ita ta sha rana. Kwana biyu sanyi ya komo. Da safe na tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe, kuma da na tona ƙasar durom ɗin sai wari ya bugo ni, saiwoyin sun ruɓe da ruwan da nake ta ɗura mata.

Alhaji ya dawo a Afrilu, bayan an yi arba'in ɗin mahaifiyarsa. Muka je muka yi masa ta'aziyya, ban iya ɗaga maganar ba. Bayan mako guda ya zo ɗaukar kayansa. Ya kewaya durom ɗin, ya kankare ɓawon da farce, ya ga ciki ya bushe. Ya ɗebi ƙasar ya sansana.

"Ka shigar da ita ɗaki," in ji shi.

Na ce na shigar.

Ya karkaɗe hannunsa a jikin riga. "Allah ya saka da alheri, Malam. Ka yi ƙoƙari."

Da ya zage ni a ranar, da na yi barci. Na ce zan yi odar wata in kai masa, ya ce a'a, masu gidan hayar ma sun hana ajiye irin waɗannan abubuwa a baranda yanzu. Na bi shi har bakin mota, a gaban Hajiya na ce masa in Allah ya ara mini rai sai na sa masa 'ya'yan irin wannan bishiya a hannu, daga ƙasar gidan nan. Ya ce Allah ya ba da iko, ya tayar da mota.

Daga ranar wasa ya ɗauke tsakaninmu. Ba mu yi faɗa ba. Muna haɗuwa a sito, muna haɗuwa a masallaci, muna gaisawa cikakkiyar gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi aiki, a tambayi gajiya. Idan na gan shi nakan rage tsawo in ce ranka ya daɗe, shi kuma ya ce Malam. Ya ci gaba da zuwa da dogon burodinsa, ni kuma na daina ganinsa. Na san a raina ba itace kaɗai na kashe ba, kuma na ƙudurta cewa ba ni da bakin yin wasa da mutumin nan sai na cika abin da na faɗa.

A watan nan na yi odar irin guda. Da sandar ta zo, na zagaya gidan ina neman wuri mafi ɗumi, na same shi a jikin bangon jan bulo da ke fuskantar kudu, inda rana take dukansa tun hantsi har la'asar. Ina cikin haƙa rami sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan shinge. Tsohuwar Baturiya ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, kuma a gonar itatuwan marmari ta girma can kudancin jihar. Ta tambayi abin da zan dasa, na faɗa mata. Ta ce in kai ta arewacin gidan. Na dubi wurin da ta nuna, inuwa ce da danshi, ko ciyawa ba ta son wurin. Na yi mata godiya da murmushi, na ci gaba da haƙana. A raina na ce sau ɗaya sanyi ya ci ni, ba zan kai masa ta biyu har gida ba.

Bishiyar ta ji daɗin bangon. Cikin shekara biyu ta wuce tsawona. A shekarar korona, tun Fabrairu bai ƙare ba, ta rufe kanta da fure har ba a ganin reshe, ƙudan zuma suna ta kai da komo. Ban yi haƙuri ba. Na ɗauki hoto na tura wa Alhaji, ya amsa da masha Allah, Malam. Kwana goma sha biyu bayan haka aka kwana da sararin sama tas, babu iska, da safe ciyawa ta yi fari fat da daskararriyar raɓar nan da ake ce wa furos. Furannin suna nan a jikin reshe, har na ɗauka mun tsira. Maƙwabciyar ta fito, ta tsaya nesa da shinge kamar yadda ake yi a lokacin, ta ce in tsinko guda in tsaga shi da reza in duba gindinsa. Idan kore ne yana da rai. Na tsaga ɗaya, baƙi. Na tsaga ashirin, duk baƙi.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na riƙe mata wannan har yau. Ta jira na gama tsage-tsagena, sannan ta yi magana.

"Bishiyar nan idan tana barci, babu sanyin garin nan da zai taɓa ta," in ji ta. "Furenta kuwa safiya ɗaya ta ishe shi. Bangon nan naka yana tashin ta tun sanyi bai gama tafiya ba. Ka bar ta ta sha sanyinta, ta makara."

Ina da wani littafi da nake rubuta al'amuran gida a ciki da ajami, domin shi hannuna ya fi sabawa da shi. A ranar na buɗe sabon shafi na rubuta maganarta yadda na fahimce ta, na rubuta ranar da furen farko ya buɗe da ranar da furos ya sauka. Da na dubi kwanakin biyu a jere, sai na ga kuskuren nawa guda ɗaya ne na yi shi sau biyu. Duk tsawon rayuwata ɗumi shi ne tausayi a wurina. Ban taɓa zama a inda ake yi wa shuka alheri ta hanyar barin ta a cikin sanyi ba.

Sai da na jira Disamba, ta zubar da ganye ta yi barci, sannan na cire ta. Kwana uku ina haƙa kewaye da ita bayan na taso daga aiki. Ƙasar garin nan ja ce mai danƙo, idan ta jiƙe ta kama shebur kamar ƙaro, idan ta bushe ta zama bulo. Ni da Hajiya muka mirgina bishiyar da dunƙulen ƙasarta a kan tamfol, muka ja ta zuwa arewacin gida muna hutawa kowane taku biyar. Wurin yana riƙe ruwa, kuma na riga na san abin da ruwa yake yi wa saiwar mishmish. A nan ne noman gidanmu ya yi mini rana. Ina da bakin garma da na taho da shi daga Kano a cikin akwati, na sa masa ƙota a nan. Na tara ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da yashi na tayar da tudu kamar za a dasa rogo, ya kai gwiwa, na zaunar da bishiyar a kai, na ja 'yar kwata ta bayan tudun don ruwa ya wuce. Tsohuwar ta daɗe tana kallon garmar, har ta karɓa ta jujjuya ta. Ta ce mahaifinta da injin noma yake yin abin da na yi da wannan. Sannan ta nuna mini yadda zan datse rassan, in buɗe tsakiyar kamar ƙwarya don iska da haske su shiga, in hana ta tsawon da tsani ba zai kai ba. Na yanke fiye da rabinta ina jin kamar jikina nake yanka.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi fure ba sam, tana jinyar ƙaura. Wadda ta biyo bayanta ta yi kaɗan, a makare kamar yadda aka ce, guda uku suka ƙulla. Ban gaya wa Alhaji ba, na koyi wannan darasin. Kullum nakan je in duba su kafin in tafi aiki. Sun fara juyawa daga kore zuwa rawaya sai wata safiya na tarar da kurege zaune a kan shinge, ya riƙe na ƙarshe da hannu biyu yana ci yana kallona. Sauran biyun ya gatsa ya yar. Hajiya ta ce aƙalla yanzu mun sami shaida cewa abin yana ciwuwa.

A Sha'aban na shekarar da ta zo, bayan sallar Juma'a, Alhaji ya sanar da jama'a cewa zai koma gida gaba ɗaya bayan babbar salla. Gwiwoyinsa sun gaji da siminti, ya gama gininsa a Damagaram, 'ya'yansa sun kama aikinsu a nan. Kowa ya yi masa addu'a, ni ma na yi. A mota na zauna na lissafa. Mishmish a watan Yuni yake nuna, babbar salla kuma a ƙarshen Yuni za ta faɗo. Damina ɗaya ta rage mini, idan ta wuce sai dai in bi shi da labari.

Fabrairun shekarar ya zo da ɗumi mai ruɗi. Itatuwan unguwa duk suka yi fure, mutane suna yawo da riga mai gajeren hannu. Nakan zagaya arewacin gida in tarar da tawa a cikin inuwarta, idanun rassan a rufe gam, in ce alhamdu lillahi, yi barcinki. Tsakiyar Maris sanyi ya komo kwana da kwanaki, furannin unguwa suka ƙone suka zube, tawa ko gezau. Sai da azumi ya kama sannan ta buɗe, a hankali, reshe bayan reshe, har ta cika.

Ana kwana shida ga azumi waya ta nuna cewa furos zai sake sauka kafin wayewar gari. Bayan la'asar muka fito da duk zannuwan gado da barguna na gidan. Na kafa sanduna kewaye da tudun, na hau tsani, Hajiya tana miƙo mini muna lulluɓawa har ƙasa. Muka cika galan-galan na madara da ruwan zafi muka jera a gindin. Muna cikin haka tsohuwar ta zo da wani kwali, ta buɗe, sai ga fitilun Kirsimeti irin na dā, masu manyan ƙwayaye ja da kore da shuɗi. Ta ce waɗannan suna yin zafi, na zamani ba sa yi, in naɗa su a rassan a ƙarƙashin bargon.

Na tsaya da kwalin a hannu. Ina tunanin wanda zai wuce ya ga gidan mai karantar da mutane ranar Lahadi yana walƙiya ja da kore a cikin Ramadan. Hajiya ta ce idan ina neman fatawa in yi sauri, rana tana faɗuwa, kuma ita ba ta taɓa jin an tambayi murhu addininsa ba. Na yi bismilla na naɗa. Muka sha ruwa a ranar muna hango wani babban tanti na zannuwan gado yana haske kala-kala daga ciki, kamar an kafa wa aljanu rumfar biki.

Da na dawo daga sallar asuba ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina, gilashin mota ya yi fari. Na jira rana ta fito, na ɗaga gefen bargo na shiga. Ciki da ɗan ɗumi da ƙamshin fure. Na tsinko guda daga reshen ƙasa na tsaga, kore. Na hau tsani na tsinko na can sama inda bargo ya taɓa, baƙi. Na sauko tsakiya, kore, kore, kore. Na zauna a kan tudun nan na yi ta hamdala har Hajiya ta leƙo ta taga, na ɗaga mata hannu, ta gane.

Sauran aikin na haƙuri ne. 'Ya'yan suka ƙulla cunkus, tsohuwar ta ce sai na cire biyu cikin kowane uku tun suna kamar gyaɗa, in ba haka ba duk za su tsaya ƙanana. Na cire ina kawar da kai. Saboda kurege, Hajiya ta yayyanka wani tsohon gidan sauro da wasu mayafai da ta daina sawa, ta ɗinka 'yan jakunkuna masu zare a baki, muka sa wa kowane ɗa tasa. Bishiyar ta koma kamar mai tallan laya. Kuregen yakan zo ya zauna a kan shinge ya yi ta surutu, ni kuma in gaishe shi.

Saura kwana tara babbar salla na nufi arewacin gida na ji ƙamshi tun ban kai ba. Ɗaya ya saki reshe da kansa ya kwanta a cikin jakarsa, ruwan gwaiduwa, gefe guda da ja kamar an shafa masa lalle. Hajiya ta ce mu raba mu ɗanɗana, kada mu tara mutum a kan abu mai tsami. Na ce bakin da zai fara cin wannan ba a gidan nan yake ba. Na kira Alhaji na ce ina roƙon ya biyo ta gidana bayan la'asar, akwai ajiyarsa.

Ya zo da farar riga da hula, yana ɗan ɗingishi. Muka gaisa a ƙofa yadda muka saba a shekarun nan, na rage tsawo, ya ce Malam. Na wuce gaba ya biyo ni, muka bi ta gefen bangon jan bulo muka zagaya arewa. Na riga na kwance jakunkunan tun da rana. Bishiyar tana tsaye a kan tudunta, rassan sun sunkuyo, rawaya ta ko'ina a cikin kore. Hajiya tana bakin ƙofar kicin, tsohuwar kuma ta sami abin yi a kusa da shinge.

Alhaji ya tako har gindinta. Ya kewaya ta sau ɗaya a hankali. Ya kama ɗaya ya ɗan murɗa, bai saki ba, ya bar shi. Ya kama wani, ya faɗo masa a tafi. Ya sa manyan yatsunsa biyu a tsagin ya buɗe shi gida biyu, ƙwallon ya fita a bushe, ya yi bismilla ya kai rabi baki. Ya rufe ido. Ruwan ya gangaro masa ta gemu ya ɗiga a farar rigar, bai share ba. Ya cinye ɗaya rabin. Ya tsinki na biyu ya ci, ya tsinki na uku. Ni ina tsaye hannuwana a baya kamar ɗalibi a gaban allo.

"Bon," in ji shi. Ya ɗaga kai ya dubi rassan. "Wa ya yi mata wannan askin?"

Na ce ni ne.

"Na gani. Ko akuya aka saka ta kwana a kanta ba za ta yi wannan ɓarnar ba. Allah dai ya so bishiyar nan da rahama, ta faɗa hannun bawana kuma ta rayu."

Hajiya ta juya ta shige kicin da sauri, ina jin dariyarta daga ciki. Ni kuwa na juya wajen Alhaji. Na tambaye shi ko ya yafe mini ta farko.

Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ya ji zafinta, shekara uku ba kwana uku ba ce. Amma tun kafin ya kai titin Wendover a ranar ya yafe. Ya dawo daga binne uwa, bakinsa ya yi nauyi, wasa ya fita daga ransa na wata biyu ko uku.

"Da ya dawo mini na zo in ja ka," in ji shi, "sai na tarar kana durƙusa mini kana ranka ya daɗe, kamar na ba ka 'yata. To wa yake zagin surukinsa?"

"Shekara biyar fa, Alhaji."

"Shekara biyar ina jiran Bakano ya gaji da ladabi. Wallahi ban san kuna da shi da yawa haka ba. A ina kuke ɓoye shi?"

Na ce masa a inda Damagarawa suke ɓoye Hausarsu idan sun ga Bature. Ya yi dariya har sai da ya dafa reshe, tsohuwar tana kallonmu ta kan shinge tana murmushi ba ta san me ake cewa ba. Na tsinko guda biyar masu kyau na miƙa mata, ta ci ɗaya a tsaye ta gyaɗa kai.

Duk da haka ban yarda a bar maganar a cikin dariya ba. Na kira Hajiya ta fito, na ce a gabanta na yi alkawari, a gabanta nake so a sauke shi. Na tsinko guda da hannuna, na kama hannun Alhaji na dama na buɗe tafin, na ɗora masa. Na tambaye shi ko ya karɓa.

Ya dube shi, ya dube ni. "Na karɓa. Babu sauran bishiya tsakanina da kai, duniya da lahira."

Sannan ya cire hularsa ya jefa shi ciki, ya ja kujerar roba ya zauna a gindin tudun, ya ce in ɗauko tsani da kwali, domin shi bai ga dalilin da mai gona zai hau sama ba alhali ga bawansa a tsaye. Na hau. Yana daga zaune yana nuna mini da sandarsa wanda ya nuna da wanda bai nuna ba, kuma duk wanda na kama sai ya ce ba shi ba, na gefensa. A haka muka cika kwali biyu kafin a kira magariba.